Amsoshin Wasiƙunku: Ƙaramar Waya Da Akwatin Rediyo Sun Dawo Ne?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi kuma mai fataucin riɗi a ƙasar Gagarawa, wanda ke cin kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Ya ce ɗansa ya matsa masa lamba ya sayar da rago ya sayi babbar waya mai shafawa, ya jefar da ƙaramar da yake riƙe da ita, ya kuma daina yawo da akwatin rediyo a kafaɗa, wai abin kunya ne. Amma shi kuma yana ganin waɗansu 'yan kasuwar da suka sayi manyan wayoyin sun koma neman ƙananan. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne har a Turai mutane na komawa ga kayan da? Kuma shi wanne ya kamata ya riƙe?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, domin ba kai kaɗai ta shafa ba. Daga Gumel zuwa Sule Tankarkar gidaje da yawa ana wannan muhawara tsakanin iyaye da 'ya'ya.

Da farko dai, abin da ka ji gaskiya ne. A shekarar 2017 an sake ƙera wayar nan Nokia 3310, wadda aka fara fitarwa a 2000, saboda ganin har yanzu tana da masoya. A Amurka kuma, a 2022, faifan garmaho ya fi faifan CD kasuwa wajen yawan waɗanda aka sayar, abin da rabon a gani tun 1987. Amma fa dalilinsu daban, namu daban. Su mafi yawansu marmari ne da gajiya: wayar ta cinye musu lokaci, ba barci ba hira, shi ya sa suke neman wadda ba ta komai sai kira da saƙo. Mu kuwa a nan maganar wuta ce da aljihu da ƙura.

Mu ɗauki waya tukuna. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Daga 2003 aka fara ƙera Nokia 1100, mai tocila a ka, wadda aka sayar da sama da miliyan 200 a duniya. Me ya sa ta karɓu haka? Gilashinta ƙarami ne, ba ya shan wuta, don haka caji ɗaya yakan kai mutum kwanaki. Babbar waya kuwa, gilashin nan mai haske da intanet ɗin da take nema dare da rana su ne ke zuƙe batir, shi ya sa kusan kullum sai an kai ta wurin mai caji. Ka lissafa kuɗin cajin wata guda, ka ɗora kuɗin data, za ka ga ba farashin saye ne kaɗai ke fita daga aljihu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, duk mai caji da janareta sai da ya ƙara kuɗi. Ka tuna da watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Jigawa da Kano da Katsina suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. A wancan lokaci mai ƙaramar waya shi ne sarki.

Bugu da ƙari, ƙaramar waya na aika kuɗi. Lambobin nan na banki da ake dannawa, masu farawa da tauraro, ba sa bukatar intanet. Waɗanda suka ci kasuwa a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sun san amfanin wannan. Sai dai a kiyaye: kada ka ba kowa lambarka ta sirri, ko da ya ce daga banki yake kira, kuma in wayar ta ɓace ka gaggauta sa a rufe layin.

Sai maganar rediyo. Malam, kada ka ji kunyar akwatinka. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963. Watau kakannin ɗan naka da rediyo suka san duniya. Kuma akwai hikima a cikin yadda take aiki. Muryar gajeren zango takan tashi sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske, shi ya sa kana gonarka za ka ji mai magana daga wata nahiya. Ita kuwa FM kusan miƙe take tafiya, ba ta nisa sosai, amma ta fi fita tas. Don haka in za ka sayi sabon akwati, ka duba ka ga yana da zangon uku, gajere da matsakaici da FM, domin rediyon da ke cikin waya galibi FM kaɗai take kamawa. Rediyo ba ta cin data, ba ta neman layi. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro, rediyo ce ta rage wa mutane. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da shawarwarin malaman gona, manomi da yawa ta rediyo suke samunsu.

Amma kuma gaskiya ɗaya ce, ɗanka bai yi ƙarya duka ba. Babbar waya na da aikin da ƙarama ba za ta yi ba. Mai saye yana Kano ko Legas, za ka ɗauki hoton riɗinka ko zoborodonka ko bijiminka ka aika masa, ku yi ciniki kafin ka biya kuɗin mota. Wanda bai iya rubutu ba zai aika saƙon murya. In cinikinka ya kai wannan matsayi, wayar za ta biya kanta. In kuwa abokan cinikinka duk ido da ido kuke haɗuwa ranar Alhamis, to sayar da rago don waya asara ce, rago yana ƙara ƙiba, waya kuwa daga ranar da aka saye ta darajarta ke raguwa.

Shawararmu ita ce, ka riƙe ƙaramar wayarka da akwatinka. In bukatar hoto ta taso, babbar waya ɗaya ta ishi gida, ɗan naka ya riƙe ta, ya zama shi ne magatakardan cinikin. Kowa ya yi abin da ya iya, ba wanda ya raina wani.

Ga kuma 'yan jan kunne. Kasuwa cike take da jabun ƙananan wayoyi masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka ka gwada kira da caji a gaban mai shago. Kada a bar waya a rana ko a kan injin mota, zafin bazara yana kashe batir. In za a ajiye rediyo ta daɗe, a cire batiran, domin in sun yi ruwa sukan cinye ƙarfen ciki. Masu tsofaffin kaset na tafsiri ko na Mamman Shata da Ɗanƙwairo kuwa, zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, ku nemi masu tura waƙoƙi su juye muku a memori tun na'urorin kunna shi ba su ƙare a gari ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Da fatan mun amsa maka, Malam. Allah Ya ba da kasuwa, Ya kawo damina mai albarka.