Katalin Karikó: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Kamfani

A 1985 masaniyar kimiyya Katalin Karikó ta bar ƙasarta Hungary zuwa Amurka da mijinta da 'yarta. Guzurinsu ma a cikin 'yar tsanar yarinyar aka ɗinke shi, don gwamnatin lokacin ba ta barin a fita da kuɗi mai yawa.

Abin da ya shiga ranta shi ne mRNA, saƙon da ke gaya wa ƙwayoyin jiki irin furotin da za su haɗa. Masu ba da tallafin bincike suka yi ta watsi da buƙatunta, har Jami'ar Pennsylvania, inda take aiki, ta rage mata matsayi a 1995. Da wani ne, da tuni ya sauya layi. A 2005 ita da abokin aikinta Drew Weissman suka nuna cewa in an sauya ɗaya daga cikin tubalan saƙon, garkuwar jiki ba za ta far masa kamar baƙon cuta ba.

Akwai malaman jami'a da ke ganin shiga kasuwanci zubar da girma ne. Ni ban yarda ba. Ɗan kamfanin da Karikó da Weissman suka kafa, RNARx, bai yi nisa ba, amma a 2013 ta koma kamfanin BioNTech a birnin Mainz na Jamus, inda ake da jari da niyyar kai binciken ga majiyyata. Riga-kafin korona na BioNTech da Pfizer a kan aikinsu ya tsaya, kuma a 2023 ita da Weissman suka karɓi kyautar Nobel.