Malamin Manya Da Mutuncin Ɗalibinsa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga watan Satumba, a Sabo, Ibadan)



 Kwamitin ilmi ne ya ɗora mini nauyin yin magana a kan ajinmu na dare, an kuma ja mini kunne kada in kai jama'a magariba. To, zan yi iya ƙoƙarina.

Abin da ya tara mu ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da aka buɗe rajista ajin nan cika yake yi, har sai an aro benci a wurin mai shayi. Amma kafin a yi wata uku sai ka tarar benci ya fi mutane yawa. Wasu sun ce gajiya ce, wasu sun ce rashin wuta, wasu kuma hidimar kasuwa. Duka akwai gaskiya a ciki. Amma ni abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da manya shi ne, kunya ce take korar babba daga aji, kuma malami ne kaɗai yake iya riƙe shi.

Jama'a, mu duba wane ne wannan ɗalibi. Magidanci ne mai shekara arba'in ko hamsin, da mata da 'ya'ya, wataƙila har da jikoki. Ya wuni a tsaye, ko a kara wurin shanu, ko wurin ɗaurin goro, ko a kan babur, ko bakin tukubar tsire. A gidansa idan ya yi magana ba mai tankawa. A kasuwa yana lissafin huhun goro ɗari da ka, ya fitar da kuɗin mota da la'ada da riba, kafin yaron da ya gama sakandare ya lalubo kalkuleta. Wannan mutumin ne za a miƙa wa fensir, hannunsa ya kama rawa, ya kasa ja wa harafin "b" ciki. Idan a wannan lokaci wani ya yi dariya, ko malami ya yi tsaki, to wallahi an gama. Ba zai yi faɗa da kowa ba. Gobe dai za ka ji an ce ya yi baƙi, jibi ya tafi gida ganin iyali, shi ke nan.

Har ma sunan abin yana da nasa nauyin. Tun shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta sa wa shirinta suna Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954 tana buga littattafai don waɗanda suka koyi karatu. An yi aiki sosai, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi. Amma ku gaya mini, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami zuwa Kano ko Sakkwato a karanta a gane, yaya za a kira shi jahili ya amsa? Ku ciro takardar naira 500 ko 1000 daga aljihu, akwai ajami a jikinta. Shi yana karantawa, da yawa daga cikin masu digiri ba sa iyawa. Malamin kirki daga nan yake farawa. Sai ya ce, "Alhaji, ai kai ka riga ka san karatu, rubutu na biyu kawai za mu ƙara maka. Wancan daga dama yake tashi, wannan daga hagu. Abin da kake kira wasali, nan ma akwai shi, sai dai a cikin layi yake zama." Kun ga an mayar da mutum mai ƙari a kan abin da ya sani, nan take sai ka ga ya gyara zama.

Akwai wani malami da muka yi aiki tare, Allah ya ji ƙansa, ba shi da wata babbar takarda, amma ban taɓa ganin wanda manya suke bi kamarsa ba. Bai taɓa kiran dattijo gaban allo ba muddin akwai sa'ar ɗansa a ajin. Sai ya zagaya ya tsuguna kusa da shi, su yi magana ƙasa-ƙasa kamar masu ciniki. Ba ya gyara da jan biro. Idan mutum ya yi kwana biyu bai zo ba, sai ya bi shi har teburinsa, ya sayi goro ko shayi, su gaisa, ya tambayi iyali, ya tafi bai ambaci makaranta ba ko sau ɗaya. Washegari sai ka ga mutumin a aji. Shi ne kuma ya lura da wani dattijo mai gadi da kowa ya ɗauka kansa ba ya ja, ashe idonsa ne ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, abin da yake samun yawancinmu da zarar an haura arba'in. Ya raka shi asibiti aka gwada masa tabarau. Kafin azumi dattijon nan yana karanta allon motocin da ke tasha da kansa.

Darasinsa na farko kullum sunan mutum ne. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in je banki in tsaya in kalli fuskar babban mutum lokacin da yarinya sa'ar 'yarsa ta turo masa tawada ta ce ya dangwala. Ranar da mutumin nan ya karɓi biro ya rubuta sunansa, ba wanda zai sake roƙonsa ya zo aji.

Kada wani ya ce ai iyayenmu sun yi arziki a garin nan ba su san boko ba. Gaskiya ne, tun da aka kafa Sabo a 1916 amana da mai gida da dillali suke riƙe da cinikin goro da shanu, kuma sun riƙe shi da kyau. Amma zamani ya juya. Tun 2014 aka shigo da lambar BVN, ga katin ɗan ƙasa, ga rajistar layin waya. Kowa a nan yana tune da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka koma tura kuɗi ta waya. Su wa suka fi shan wuya? Mai nama da mai tumatir da aka nuna wa saƙon ƙarya aka kwashe kaya. Dattijon da ya miƙa wa yaro katinsa, ya kuma faɗa masa lambar sirri da bakinsa a gaban mutane, don ba ya iya latsawa. Mu baƙi ne a nan, takardar haya da ta asibiti da ta kotu duk da Turanci suke zuwa, wani lokaci da Yarbanci. Maƙwabtanmu kuwa tun 1955 Cif Awolowo ya buɗe musu firamare kyauta. Wanda ba ya karatu a garin nan, asirinsa kullum yana hannun wani.

Yanzu bari in juya wajen iyayenmu mata, kuma maza ku saurara da kyau, don da ku nake. Koyar da manyan mata ba baƙon abu ba ne da Bature ya kawo. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru. Tana zaɓen dattijuwa mai hankali da mutunci, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta je ƙauye ta koyar da mata 'yan'uwanta. Ku lura da irin wadda take zaɓa: mace da mata za su saki jiki da ita. A zamaninmu kuma ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. An cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta shiga karatun manya a Kano, ta zama marubuciyar da littafinta Alhaki Kuykuyo Ne har an fassara shi da Turanci. Wani ne ya zauna ya yi haƙuri da ita a aji. Matar da ke cikin gidanka, ita take ba yaro magani da tsakar dare, ita take duba katin rigakafi. Idan ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba ba, ɗan wa ke cikin haɗari?

To me nake roƙon ƙungiya? Idan za a ɗauki malami, a duba halinsa kafin takardarsa. Yaron da ya iya Turanci amma bai iya gaida manya ba, a bar shi ya koyar da yara. Muna da 'ya'yanmu da suka yi karatu a Jami'ar Ibadan, kuma jami'ar nan tana da sashe guda na ilmin manya, a nan ƙofar gidanmu. A tura biyu ko uku su nemi shawara. Akwai kuma hukumar ilmin manya ta ƙasa da aka kafa a 1990, da ofishin jiha mai kula da wannan aiki. Shugabanni su rubuta musu, ko littattafai da alli aka samu an rage wani abu.

Sai maganar alawus, wadda ba a son a taɓa. Malamin nan shi ma yana da iyali. Ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya bar sana'arsa dare uku a mako, sannan a sallame shi da "Allah ya ba da lada" kawai. Ladan yana nan in sha Allahu, amma ranar da yaronsa ya kwanta ciwo dole ya bar aji ya fita nema, kuma idan malami ya yi fashi sau biyu, manya ba sa dawowa. Masu gidajen goro, 'yan canji, shugabannin kara, abin da za ku ware duk wata bai kai kuɗin man mota na kwana biyu ba. A kuma raba aji: dattawa daban, samari daban, mata da malamarsu da hantsi bayan yara sun tafi makaranta.

Ku kuma ɗaliban da kuka daina zuwa, na hango wasunku a nan, ba zan kira suna ba. Littattafanku suna nan a cikin akwati, ba wanda ya buɗe su. Za a koma aji ranar Litinin bayan sallar isha'i. Mai son shiga sabo, sakatare yana bakin ƙofa da littafin rajista, wanda kuma ba ya son a gan shi yana rubuta suna, ya same ni a gida bayan sallar asuba.