Gonar Irmiya da Filayen Unguwar Boro



Yau zancen bege za mu yi, irin na Littafi Mai Tsarki.

Ku tuna da annabi Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare. A wannan halin ya sayi gona a Anatot. Gona fa, jama'a! Ya biya, ya kafa shaidu, aka adana takardar cikin tukunya. Dogaronsa ɗaya ne: alkawarin Allah.

Mutanen Unguwar Boro, kun san wannan. Bayan rikicin Kaduna na 2000, da yawa sun ƙetaro kogi hannu rabbana. Suka sayi fili, suka sake gini, wuta ba ta gama hucewa ba.

Sai wani jiƙon. Ku huta lafiya.