Idan Sabis Ya Ɗauke a Hanya: Jawabin Kwamitin Sadarwa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiyarmu

Kwamitinmu ya nemi 'yan mintoci don mu yi magana a kan abin da ya shafi ran kowane ɗayanmu, wato yadda za a ji muryarmu a gida idan muna kan hanya, wayar salula kuma ta yi shiru.

Duk mun san wuraren da sabis, ko rezo kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke cewa, yake ɗaukewa. Mun kuma ga lokutan da ya ɗauke gaba ɗaya. A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya suka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya haɗa da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, wadda ita ce ƙofarmu ta shiga Maraɗi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, garin da masu zuwa Gamboru da Kusiri da Njamena ke ratsawa. Turakun salula da wuta suke aiki, ranar da wuta ko man janareta ya yanke, su ma sun yi shiru. Direban da motarsa ta faɗi da daddare, yaron motarsa na zubar da jini, yana bukatar wata hanya ta biyu.

Hanyar da muke son mu tattauna ita ce rediyon oba-oba, wanda muke gani a hannun jami'an kwastan da duwan. Na hannu yawanci ƙarfinsa wat 5 ne, kuma ba ya bukatar kati ko turken kamfanin waya. Sai dai irin zangon da yake aiki a kai, wanda ma'aikata ke kira VHF da UHF, ya bambanta da gajeren zangon da muke kama tashoshin ƙasashen waje da shi. Gajeren zango yana haurawa sama ya dawo ƙasa, shi ya sa yake ƙetare teku. Shi kuwa wannan a miƙe yake tafiya kamar hasken fitila, tudu yana tare shi, lanƙwasar doron ƙasa ma tana tare shi. Mutum biyu a tsaye a fili, kowa da rediyonsa, da wuya su wuce kilomita 10 suna jin juna, a cikin gari kuwa ko rabin haka ba a samu.

Maganin wannan shi ne na'urar da ake kira ripita. A kan dogon turke ko kan dutse ake kafa ta, ta saurari magana a wani layi, ta sake watsa ta nan take a wani layin da ƙarfin da ya fi na rediyon hannu. Aikinta kamar na mai shela ne da ya hau tudu, ka faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa gari. Tsayi shi ne jarin ripita. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, eriyar da ke tsayin mutum tana kai kimanin kilomita 5, ta kan gora mai mita 9 kimanin kilomita 12, ta mita 25 kimanin kilomita 20, ta kan turke mai mita 100 kuwa kimanin kilomita 40. Haɗa na ɓangarorin biyu ake yi. Idan ripita tana mita 100, direba kuma ya ɗaga eriyarsa mita 9, za su iya haɗuwa a nisan kilomita 50 da ɗoriya. Ku lura cewa sai an ninka tsayi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu.

To, idan mutum yana can gefe, inda yake jin ripita sama-sama amma ita ba ta jin sa fa? A nan ne eriya mai fuskantar waje ɗaya take shigowa. 'Yar eriyar robar da ake sayar da rediyo da ita kamar fitilar ƙwai take, tana raba haskenta ko'ina, gabas da yamma, har inda ba kowa. Ita kuwa wannan kamar tocila ce, batir ɗaya ne amma an tattara hasken waje guda. Kowa a nan ya san ta, ita ce mai kama da ƙashin kifi da muke ɗaurawa a kan rufi don kama talabijin. Ana kiran ta Yagi. Wasu masana biyu na jami'ar Tohoku ta ƙasar Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, su suka fito da ita a 1926, har yau kuma ana cin moriyarta.

Mafi sauƙinta sanda uku ce a jere a kan ƙota ɗaya. Ta tsakiya ita ake haɗa wa waya daga rediyo. Ta baya ta ɗan fi tsawo, tana maido da saƙo gaba kamar madubin cikin tocila. Ta gaba ta ɗan fi gajarta, tana jan saƙon zuwa inda aka nufa. Tsawon sandunan ya danganta da layin da aka ba mu. A wajen megahaz 150, zango mita 2 ne, sandar tsakiya kuwa kusan rabinsa, wato ɗan ƙasa da mita 1, ta baya da ta gaba kuma su bambanta da ita da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya haɗa ta da sandunan gorar ruwa da bututun roba, amma lallai ya gwada ta da na'urar awo kafin a ɗaura wa rediyo, domin eriyar da ba ta dace da layi ba tana maido da ƙarfi cikin rediyo ta lalata shi. Mai sanda uku tana ninka ƙarfin da ke tafiya gaba kusan sau uku zuwa huɗu a kan eriya mai sanda ɗaya, kuma kamar yadda take ƙara ƙarfin magana, haka take ƙara ƙarfin ji.

Ga abubuwan da muke roƙon kowane direba ya riƙe. Na farko, gajeriyar sanda ita ce gaba, ita ake nuna wa ripita. A riƙa juyawa a hankali har murya ta fito tar, sannan a tsaya. Kwamitinmu yana ba da shawarar a rubuta wa kowace mota takarda mai nuna ta wace kusurwa ripita take daga kowane zango da muke yada, a haɗa da ƙaramin kamfas. Na biyu, sandunan su kasance a tsaye, kai sama ƙafa ƙasa, domin eriyar ripita a tsaye take. Wanda ya kwantar da su ya zubar da mafi yawan ƙarfinsa. Na uku, a nemi tsayi kafin a nemi ƙarin wat: a hau tudu, a hau kan kaya, a ɗaura eriya a dogon gora. Na huɗu, kada wayar da ke tsakanin rediyo da eriya ta yi tsawon banza. Siririyar wayar da aka fi samu a kasuwa tana cinye kusan rabin ƙarfi idan ta kai mita 15 zuwa 20, kuma wayar talabijin ba ita ce ta wannan aiki ba. Na biyar, a nisanci wayoyin lantarki yayin ɗaga gora, kuma idan hadari ya taso da walƙiya, a sauke eriya nan da nan.

Dole kuma mu faɗi iyakar abin. Ripita ba ta kai Tenere ba, ba ta kai hanyar Dirku ba. Muna tuna watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. A irin wannan nisa, sai wayar tauraron ɗan'adam ko rediyon gajeren zango, tare da isasshen ruwa da tafiya cikin ayari. Abin da muke magana a kai na hanyoyin da garuruwa ke kusa da juna ne, kamar Katsina zuwa Maraɗi, Daura zuwa Matamaye, Illela zuwa Ƙonni.

Sai babbar magana, wato izini. Layukan rediyo na hukuma ne, a Najeriya da Nijar duka. Lasisin ƙasa ɗaya ba ya aiki a ɗaya ƙasar. A halin da yankinmu yake ciki, wanda aka kama da oba-oba ba takarda zai sha tambaya, kuma ba wanda zai ga laifin jami'in da ya tambaye shi. Inda hukuma ta rufe sadarwa da gangan saboda tsaro, ba namu ba ne mu zagaye ta, sai abin da ta yarje mana. Ku sani kuma duk mai irin rediyonku yana iya jin ku. Kada a ambaci kuɗi, ko irin kayan da aka ɗauko, ko lokacin tashi. A faɗi lambar da ƙungiya ta ba mota, da inda ake, da abin da ya faru, da taimakon da ake bukata, sannan a saki maɓalli a saurara.

Abin da muke nema daga wannan taro abu uku ne. A ba kwamiti izinin tuntuɓar hukumomin ƙasashen biyu da sunan ƙungiya, domin takardar da jama'a suka nema ta fi ta mutum ɗaya nauyi. A amince da karo-karo, da naira da sefa, don a fara da ripita ɗaya mai aiki da sola da batir a hanya ɗaya, a gwada ta a gani kafin a ƙara. A kuma zaɓi matasa biyu daga kowace tasha su koyi aikin, su riƙa yin gwaji kowane mako a ranar kasuwa, wani kuma ya riƙa zama kusa da rediyon ofis dare da rana, domin kira ba shi da amfani idan ba mai amsawa. Iyayenmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon shugaban taro ya sa wannan magana cikin abubuwan da za a yanke kafin mu watse yau.

Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa albarka a neman da muke yi.