Ina Manaja Yake Ranar da Ciniki Ya Tsaya?



An nemi in yi magana a kan masu sayar da kaya da waɗanda ke jagorantarsu a lokacin ƙunci. Kada mu ɗauka maganar ta masu kwat da taye ce kaɗai. Ina nufin yaron shago a Kantin Kwari da ke kwance dilar atamfa tun da sassafe. Ina nufin saurayin da kamfanin taliya ko na sabulu ya ba mota, yana bin shagunan unguwa daga Kurna har Rijiyar Lemo. Ina nufin budurwar da banki ya tura ta nemo masu ajiya, da mai tallan magani da ke yawo tsakanin kemis da asibiti. Abu biyu suka haɗa su. Ana auna su da lamba, kuma kowannensu yana da wani a samansa, ko a kira shi manaja, ko oga, ko maigida.

Mun saba cewa wuya tana koya wa mutum hankali. Ni ban yarda da maganar nan a yadda take ba. Wuya, in aka bar mutum da ita shi kaɗai, abin da ta fi koya masa shi ne tsoro da ɓoye-ɓoye da ƙarya. Duk matashin da kuka ga ya fito daga shekarun tsanani ya zama gwanin kasuwa, ku bincika, za ku tarar akwai wanda ya tsaya masa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin kowa a ɗakin nan ya ga shekarar 2023 da idonsa. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Mutum yana da kuɗi a banki, ba shi da na sayen omo. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Kasuwa ba ta gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta bar wajen 460 a hukumance, ta wuce 1,500 a farkon 2024. Juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli ya jawo rufe iyaka, fataken Maraɗi da Damagaram da ke cika kasuwannin Kano suka ragu. Zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Manyan kamfanoni irin su GSK da Procter & Gamble sun sanar da sauya yadda suke harka a ƙasar nan, ɗaya ya miƙa rabon kayansa ga wasu, ɗaya ya daina sarrafa kaya a cikin gida.

To, a cikin duk abin da na lissafa, wanne ne laifin mai tuƙa motar taliya? Babu ko ɗaya. Amma ranar Litinin da safe shi ne ke tsaye a gaban allo, ana karanto sunansa da abin da ya sayar, ana tambayarsa me ya sa bai cika taget ba.

Akwai wani masani ɗan Amurka, W. Edwards Deming, wanda kamfanonin Japan suka amfana da koyarwarsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da wani gwaji da yakan yi a gaban manajoji. Sai ya kawo akwati cike da duwatsun wuya, mafi yawansu farare, wajen kashi ɗaya cikin biyar jajaye. Ya kira mutane daga cikin masu sauraro ya ce su ne ma'aikata, ya ba su wani katako mai ramuka 50, ya ce kowa ya tsoma ya ɗebo, amma farare kaɗai ake so. Wanda ya ɗebo jajaye kaɗan a yaba masa, wanda ya ɗebo da yawa a tsawata masa. A zagaye na gaba sai gwanin ɗazu ya koma na baya, na bayan ya zama gwani. Babu wanda ya ƙara ƙoƙari, babu wanda ya rage. Jajayen suna cikin akwatin tun kafin su zo, kuma mai akwatin ne kaɗai ke da ikon cire su. Aikin manaja na farko a lokacin ƙunci ke nan: ya zauna ya rarrabe abin da ke hannun yaronsa da abin da ke cikin akwati.

Wannan rarrabewar tana buƙatar lissafi, ba tausayi kaɗai ba. Idan farashi ya tashi da kashi 30, mai sayarwa kuma ya kawo kuɗin da ya fi na bara da kashi 20, a takarda ya ci gaba, a sito kuwa katan ɗin da ya fita ya ragu. Manajan da ke kallon naira kaɗai zai yi murnar banza. Wanda kuma ya kafe a kan adadin katan na bara zai yi ta azabtar da mutane a kan abin da aljihun jama'a ba zai iya ɗauka ba. Mai hankali yakan duba wasu abubuwa: shaguna nawa yaron ya ziyarta, kwastomomi nawa ya riƙe ba su koma wurin wani ba, bashi nawa ya karɓo. Waɗannan suna hannunsa, kuma su ne za su mayar da ciniki ranar da kasuwa ta buɗe.

Me ke faruwa in an ƙi yin haka? Bankin Wells Fargo na Amurka ya ba duniya amsa. An ɗora wa ma'aikatan rassansa adadin da ba zai cimmu ba, ana so kowane gida ya mallaki hajojin banki har takwas, ana bin su da tambaya kullum. Da suka rasa yadda za su yi, sai suka shiga buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A watan Satumban 2016 asiri ya tonu. Da farko an ƙiyasta asusun wajen miliyan 2, daga baya adadin ya kai miliyan 3.5. An ci bankin tarar dala miliyan 185, shugabansa John Stumpf ya sauka, kuma a 2020 bankin ya amince ya biya dala biliyan 3. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'aikata wajen 5,300 da aka kora. Yawancinsu ƙananan ma'aikata ne. Ba ina wanke su ba, sun yi abin da bai halatta ba. Amma mutum dubu biyar ba sa wayar gari su zama maha'inta a ma'aikata ɗaya sai in akwai abin da ke tura su.

Namu salon ya bambanta, asalinsa ɗaya ne. Ƙarshen wata ya zo, taget bai cika ba, sai mai mota ya jibge wa mai shago kayan da ya san ba za su tafi ba, ya rubuta an sayar. Ko ya ba da bashi ga wanda kowa a layin ya san ba ya biya. Ko ya cike giɓin wannan kwastoman da kuɗin wancan, yana fatan wata mai zuwa zai gyara. Wata uku sai ramin ya fi ƙarfinsa, sai a ji an kai shi wurin 'yan sanda, iyaye suna bin manya suna roƙo. Kuma akwai abin da ba ma son faɗa a bainar jama'a: yarinyar da aka ce ta kawo ajiyar miliyoyi ko ta rasa aikinta, an jefa ta a bakin mutanen da ba dukansu ke tsoron Allah ba. Manajan da ya yanka mata adadin, bai tambayi inda za ta je ba, bai raka ta ba, yana da kaso a duk abin da ya same ta.

Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi wani bincike a asibitoci a shekarun 1990. Ta zaci sassan da ke da shugabanci nagari za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Sai ta ga a rubuce sun fi yawa. Da aka bi diddigi, sai ya bayyana cewa su suna faɗin kuskurensu ne, sauran suna binnewa saboda tsoron shugaba. Ku ɗauko wannan ku kawo kasuwa. Yaron da zai iya zuwa ya ce, “Alhaji, na ba wane kaya, yau sati biyu yana mini yawo da hankali,” ya ceci dukiyar maigidansa, domin bashin sati biyu ana iya bin sa. Wanda ya san zagi ne zai biyo baya zai yi shiru har sai mutumin ya tashi daga shagon. Maigidan da ya ce yaransa ba sa kawo masa matsala, ya binciki kansa da kyau.

Yanzu bari in zo kan koyarwa, don a nan girman yake. Lokacin da kasuwa ke tafiya, kowa gwani ne, kaya ne ke sayar da kansu. Sai ta tsaya ake samun abin koyarwa, in akwai mai koyarwa. A watannin ƙarancin kuɗi, wanda aka nuna wa yadda zai tabbatar taransifa ta shiga asusu kafin ya saki kaya, ba ya dogara da alat ɗin da aka nuna masa a waya, ya koyi abin da zai yi masa amfani har tsufa. A watannin da dala ke tashi kullum, darasi mafi tsada shi ne wannan: ribarka ba a kan farashin da ka saya take ba, a kan farashin da za ka sake saya take. 'Yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya suna ganin sun ci riba, suka koma wurin dila suka tarar kuɗin ba zai mayar da rabin kayan ba. Maigidan da ya zaunar da yaronsa ya buɗe masa littafi, ya nuna masa nawa aka sayo, nawa kuɗin mota da lebura, nawa sabon farashi, ya ba shi ilimin da ba a samu a aji. Haka wanda ya hau mota ya bi yaronsa zagaye, ya ji da kunnensa mai shago yana cewa babban ƙunshi ba ya tafiya, sai ƙaramar leda ta naira ɗari. Irin wannan manajan in ya koma ofis yana da abin faɗa wa na sama da shi, kuma yana da bakin da zai nemi a ƙara kuɗin mai, a rage taget, a sa wani ɗan albashi tsayayye a ƙarƙashin kamasho don kada mutum ya koma gida hannu rabbana. Tsayawa tsakanin yaranka da matsin da ke saukowa daga sama yana cikin aikin, kuma shi ne ɓangaren da ya fi buƙatar ƙarfin hali, domin manajan ma yana da nasa ogan.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan Hausawa masu fataucin shanu da goro, aka buga a 1969. Ya nuna yadda harkar gaba ɗaya ta rataya a kan maigida. Shi ke saukar da baƙo, shi ke da dillalai da yara, kuma da yake bashi ake ba mahauta shanu, shi ke tsayawa in an ƙi biya. Yaransa suna ci a gidansa, suna kwana a ɗakunansa, wani ma shi ke yi masa aure. Da haka suke koyon wa ake ba bashi, wa ba a ba. Addininmu ma ya yi magana a sarari. A hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma yi umarni cewa in an ɗora masa, a taya shi.

Kada wani ya fahimce ni da cewa goyon baya shi ne sakaci. Wanda ya ci amana a hukunta shi. Malalaci a faɗa masa gaskiya, a keɓe, a ba shi lokaci, in bai gyara ba a rabu. Barin mutum cikin kuskurensa don gudun ɓacin ransa ba ƙauna ba ce.

Kuma kada mu yi wa tsarinmu na gargajiya kwalliyar da ba tasa ba. Iyayena 'yan kasuwa, ku yi mini haƙuri, akwai gyara. Yaro yakan yi shekara goma a shago ba albashi tsayayye, ba takarda, sai alkawarin baki cewa wata rana za a sallame shi da jari. Da kasuwa ta yi sanyi, alkawarin ne farkon abin da ke narkewa. Wani lokacin ma, daidai sanda sallama ta matso, sai a nemo masa laifi. Matashin da bai san ranar da zai tsaya da ƙafarsa ba, ba zai sa zuciyarsa a koyo ba, idonsa yana kan ƙofa.

Ƙungiyoyin kasuwanninmu, na Kwari da Singa da Sabon Gari da sauransu, suna da ikon gyara wannan ba tare da jiran gwamnati ba. A samar da 'yar takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, boko da ajami, wadda za ta faɗi shekarun da yaro zai yi, abin da zai riƙa samu a wata, abin da za a sallame shi da shi, da yadda za a yi in gobara ko karyewar jari ta auku kafin lokacin. Uban yaro ya sa hannu, maigida ya sa, shugaban layi ya shaida, a ajiye kwafi a ofishin ƙungiya. Sashen koyar da kasuwanci na jami'o'inmu zai iya taimakawa wajen tsara ta, kuma ina roƙon a fara da layi ɗaya a kasuwa ɗaya a ga yadda za ta kaya.