Haƙurin Ɗan Tireda a Lokacin Tsada

Ɗan tireda da ke bakin titi a Birnin Kudu ba shi da albashi, ba shi kuwa da abokin raba asara. Tun faɗuwar darajar naira a 1986 ya san kuɗi na iya narkewa a aljihu. A farkon 2023 takardun kuɗi suka yi ƙaranci, sa'an nan a watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin ɗauko kaya daga Kano ya yi tashin gwauron zabi.

Haƙurin da ake nufi a nan ba naɗe hannu ba ne. Watau mutum ya rarrabe riba da uwar kuɗi, ya ci daga riba kaɗai. Mai awo a kasuwar Sara ta Gwaram, idan buhu ya gagare shi sai ya saro tiya biyar, amma ba ya fashin kasuwa, domin wanda ya tarar da rumfa a rufe sau biyu ya sake maigida ke nan. Abin da ya fi karya masa gwiwa shi ne littafin bashi, wanda ba a rasa sunayen ma'aikata masu jiran ƙarshen wata a cikinsa.