Jawabin Biron Ƙungiya A Kan Kartar Yara

Maigari, Liman, dattijan gari, iyayenmu mata, da ƴan'uwa da kuka zo daga Yamai, Damagaram, Kwatano da Abijan, muna yi muku barka da zuwa.

Bayan maganar rijiya da ta kuɗin asusu, akwai wata ƴar magana da ta kawo saɓani cikin gari lokacin hutun lakol da ya wuce. Wani ɗan'uwanmu mai aiki a Yamai ya kawo ɗiyansa ganin gida, suka zo da wani ƙaramin gwangwani cike da katuna. Da marece yaran unguwa suka taru a zaure, suna ihu suna dariya. Wani dattijo ya leƙa, ya ga karta hannun yara, ya karɓe gwangwanin, ya ce ba za a koya wa jikokinsa caca ba. Uban yaran ya ji zafi, ya koma Yamai tun hutun bai ƙare ba. Shi ya sa aka kawo maganar gaban biro.

Da farko, dattijon yana da gaskiyarsa. Dukanmu mun san abin da karta ta yi wa waɗansu ƴan cin rani. Mutum ya yi wata shida yana dako ko sayar da shayi a Kurmi, ya zauna bakin tasha dare guda, ya tashi ba ko kuɗin mota. Alƙur'ani kuma ya haɗa caca da giya wajen hani. Wanda ya ga haka da idonsa, ba a ganin laifinsa in ya tsorata.

Amma mun buɗe gwangwanin mun duba. Sunan wasan Dobble, a Amurka ana ce masa Spot It. Katunan 55 ne, kewayayyu kamar faifai, kowane da zane 8: mabuɗi, almakashi, agogo, kyandir, rana, wata, icce, da sauransu. Duk katuna biyu da ka ɗauka, za ka tarar zane guda ɗaya tak ya haɗa su, sai dai yana iya fitowa babba a wannan, ƙarami a wancan. Ana bai wa kowa kati ɗaya, a tara sauran a tsakiya a buɗe. Wanda ya riga ganin zanen da ke katinsa da ke kuma na tsakiya, ya faɗi sunansa da ƙarfi, shi ya ci katin. In tarin ya ƙare, wanda ya fi yawan katuna ya yi nasara. Mutum 2 zuwa 8 ke yi, cikin kamar minti 15 an gama.

Asalinsa daga Faransa ne. A 1976 wani mai son lissafi, Jacques Cottereau, ya zana katuna 31, kowane da ƙwari 6. Daga baya Denis Blanchot ya ga waɗannan katuna, ya gyara wasan, aka fitar da shi kasuwa a 2009.

Ita caca tana tafiya ne da zubin kuɗi, da sa'a, da ɓoye abin da ke hannu. A nan ba a zuba komi, kuma katin kowa a buɗe yake. Saurin ido da saurin baki su ke ci, shi ya sa yaro ɗan shekara 7 ke kada ubansa.

Da muka gwada a gidan Maigari, mun lura da wani abin da ya fi wasan kansa. Ɗiyanmu da aka haifa a birni, da yawa Hausarsu ta yi rauni. Suna zuwa gida su gaida kaka, daga nan magana ta ƙare, kowa ya koma kan salula. Sai muka sa doka cewa ba a cin kati sai an faɗi sunan abin da Hausa, kaka kuma ita ce alƙali. Yaro ya faɗa da Faransanci, kaka ta ce ba ta ji ba, wani ya riga shi. Kafin sallar isha'i yaran sun riƙe almakashi da kyandir. Akwai zanen ɗakin ƙanƙara irin na mutanen ƙasashen sanyi. Dattijon da ya karɓe gwangwanin ya gan shi, ya ɗaga murya ya ce "Rumbu!", ya ci katin. Tun ranar rumbu ake ce masa.

Saboda haka ga abin da biro ya yanke, da yardar Maigari da Liman. Na ɗaya, an yarda yara su yi wasan, amma ba a sa ko dala, ko goro, ko alawa. Duk inda aka ga zubi, a karɓe katunan. Na biyu, ba a yi lokacin salla, ko makarantar allo, ko aikin gona. Na uku, kada kowa ya kashe kuɗin hatsi wajen saye, don muna iya yin namu da kwalin sukari, da zanen kayan gida waɗanda ba su da rai.

Ga yadda ake yi wa ƙanana. A yanka katuna 7, a zana abu 3 bisa kowane:

1. tulu, turmi, taɓarya
2. tulu, ƙwarya, ludayi
3. tulu, hauya, guga
4. turmi, ƙwarya, hauya
5. turmi, ludayi, guga
6. taɓarya, ƙwarya, guga
7. taɓarya, ludayi, hauya

Ku ɗauki kowane biyu ku duba, abu ɗaya ne ya haɗa su. In yara sun saba, akwai na katuna 13 masu zane 4, da na 31 masu zane 6. Mun roƙi mushen lakol ya tsara mana su kafin hutu mai zuwa.

Wannan ba zai hana dara, da langa, da gatanar dare ba. Ku iyaye mazauna birni, ku riƙa kawo ɗiyanku gida, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku kuma dattijanmu, in kun ga baƙon abu hannun yaro, ku kira mu a duba tare.

Gwangwanin yana hannun ma'ajin ƙungiya. Ƴan'uwa masu komawa Yamai, ku tafi da shi ku mayar wa mai shi, tare da gaisuwar Maigari da ta dattijon, ku ce muna jiran yaran.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.